Sayen Kwamfutar Gida A Ƙasar Tambuwal Da Kebbe: A Duba Batir Kafin A Duba Ƙyalli

A duk shekara idan kaka ta yi, aka gama kai amfanin gona gida, akwai wani sabon abu da yake shiga cikin lissafin magidanta a Fakku da Kebbe da Kuchi da sauran garuruwan kudancin Jihar Sakkwato, wanda iyayensu ba su san shi ba a zamaninsu. Bayan bashin taki, da tufafin iyali, da gyaran ɗakin da damina ta zubar, yanzu akwai kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda samari ke kira laftof, da yaro ya daɗe yana roƙon a saya masa.

Wannan ba ƙaramin sha'ani ba ne ga talaka. Kuɗin na'ura guda ɗaya, ko da ta gwanjo ce, yakan lashe buhunan gero ko na shinkafa masu yawa, ko kuwa ragunan da uwargida ta yi watanni tana kiwo. Tun daga watan Yuni na 2023, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta bar kasuwa ta yanke darajar Naira, Dalar Amurka ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma har ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, kuma da yake daga ƙasashen waje ake shigo da waɗannan na'urori, farashinsu ya bi Dala ya hau. Saboda haka wanda ya yi kuskuren zaɓe, ba lalle ba ne ya sami halin sake saye kafin wasu shekaru.

ABIN DA YA KAWO BUKATAR

Ba son burga ne ya jawo wannan bukata ba. Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'o'i da sauran manyan makarantu, ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina amfani da takarda da fensir gaba ɗaya. Ɗalibi zai zauna gaban allo ya amsa tambayoyi 180 a kan darussa huɗu cikin awa biyu. Yaron da ya tashi daga Fakku ya tafi babban gari inda cibiyar jarrabawa take, alhali kuwa ranar ce ya fara ɗora yatsa a kan madannai, ya shiga da tsoro biyu, na tambayoyin da na na'urar. Ita ma hukumar WAEC ta bi wannan sawu a farkon 2024, inda ta fara da masu rubuta jarrabawa a kan kansu.

Bayan an sami shiga, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ce a Sakkwato, ko jami'ar jiha, ko ta Aliero da ke maƙwabtaka a Jihar Kebbi, rajista da biyan kuɗi da duba sakamako duk ta intanet ake yi, sa'an nan ga kundin bincike da ake bugawa a shekarar ƙarshe. Malamin makaranta yana bukatarta don tsara jarrabawa da haɗa makin yara. Ma'aikacin asibiti yana bukatarta don rahoton wata. Mai sayar da taki ko hatsi yana son ya san wanda ya biya da wanda ake bi. Har malaman zaure, a ƙasar da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna ya bar gadon karatu, sun gano cewa manhajar nan ta Maktabatus Shamila tana tattara dubban littattafan addini cikin na'ura ɗaya, a bincika mas'ala cikin ɗan lokaci ba tare da intanet ba.

Idan aka lura da waɗannan ayyuka duka, za a ga abu ɗaya ya haɗa su, watau babu mai nauyi a cikinsu. Rubutu ne, da lissafi, da karatu, da kallon darasi. Kwamfuta matsakaiciya ta ishe su. Abin da ke raba mai kyau da marar kyau a wannan yanki shi ne ko za ta iya jure wa zaman garin: ƙarancin wuta, da zafi, da ƙura, da nisan mai gyara.

WUTA CE MAGANAR FARKO

Mai shago a birni yakan fara da yabon faɗin allo da saurin na'ura. Mutumin karkara kuwa, tambayar da ta kamata ya fara yi ita ce awa nawa za ta yi bayan an zare ta daga wuta.

Kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ne ke ba jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna wuta, kuma kowa ya san ba kullum take zama ba, wasu ƙauyuka ma waya ba ta kai gare su ba. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki a cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Janareto kuma ya zama sai mai hali tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023. Abin da ya rage wa yawancin jama'a shi ne faifan hasken rana, ko kuwa shagon mai caji a bakin kasuwa.

A nan ne ɗan lissafi yake da amfani. Batirin kwamfuta matsakaiciya, idan sabo ne, yana ɗaukar abin da ya kai wat 40 zuwa 50 na awa ɗaya. Idan aikin rubutu ake yi, aka rage hasken allo, na'urar takan ci wat 10 zuwa 15, watau za ta yi awa uku zuwa biyar. To, amma batir yana tsufa kamar kowane abu. Bayan an cika shi an sauke sau 300 zuwa 500, ƙarfinsa yakan fara ja da baya sosai, har a sami na gwanjo da bai riƙe rabin abin da yake riƙewa da fari ba. Irin wannan sunanta kawai tafi-da-gidanka, amma ɗaure take da soket kamar akuya a turke.

Haka kuma ya kamata a duba abin da aka rubuta a jikin caja. Ƙananan na'urori na aikin ofis suna amfani da caja mai wat 45 ko 65, wadda ƙaramin kayan sola na gida zai iya ɗauka. Manyan da aka ƙera don wasanni, masu fitilu kala-kala da ke ɗaukar idon samari, cajarsu takan kai wat 150 ko fiye, ga nauyi, ga zafi, ga shan batir. Wanda ya sayi irin wannan ya kai ta garin da babu wuta, ya sayi doki ne alhali ba shi da ciyawa. Wadda kuma take karɓar caji ta ƙaramar kafar nan da ake kira USB-C tana da wata fa'ida, domin ana samun babban batirin ajiya da zai iya cika ta, muddin ƙarfinsa ya kai.

Wutar janareto da wadda ake maidowa da ƙarfi bayan ɗaukewa suna ƙona caja, wani lokaci har da cikin na'urar. Cajar asali da ɗan abin kariya da ake sawa a soket sun fi araha nesa ba kusa ba bisa ga canja babban allon da ke cikinta.

ZAFI DA ƘURA

Ƙasar Sakkwato tana cikin wurare mafi zafi a Nijeriya. A watannin Maris da Afrilu da Mayu awon zafi yakan wuce digiri 40, zafi kuwa shi ne babban abokin gaban batir. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma sai hunturu ya zo da ƙurarsa, wadda ke bi ta ƙofofin iska ta taru a jikin fankar da ke ciki. Idan fanka ta toshe, na'urar takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, daga baya ta riƙa mutuwa ana tsakiyar aiki.

A gidajen karkara ba kowa ke da tebur ba, a kan tabarma ko katifa ake aiki. Katifa da bargo suna rufe ƙofofin iskar da ke ƙarƙashi. Ɗan allon katako ko faranti mai faɗi ya isa ya magance wannan. Jaka mai rufi, da kai na'urar a share mata fanka sau ɗaya a shekara bayan hunturu, suna ƙara mata kwana fiye da yadda ake zato.

Wannan ne ya sa ma'ajiyar da ke cikinta take da muhimmanci. Tsohuwar irin, mai faifai da ke juyawa, tana da jinkiri, kuma girgizar babur a kan hanyar da ba kwalta tana iya lalata ta tare da duk abin da aka adana. Sabuwar irin da ake kira SSD ba ta da abin da ke motsi a ciki, ta fi sauri, ta fi jimrin jijjiga, kuma ba ta shan batir kamar waccan. SSD mai gigabait 256 ta fi tsohuwar ma'ajiya mai gigabait 500 ko 1,000 amfani ga mai aikin gida, ko da yake lambarta ta fi ƙanƙanta.

SABUWA KO 'YAR GWANJO

Yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'a ba sababbi ba ne. Daga Turai da Amurka ake kwaso su bayan ofisoshi sun gama da su, su sauka a tashar jiragen ruwa ta Ikko, su bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, daga nan su iso Kano, a titin Beirut da kasuwar Farm Centre, sa'an nan su watsu zuwa Sakkwato da Birnin Kebbi da Jega. Kowane hannu da suka bi, an ɗora riba.

A cikin kayan akwai nagari, akwai kuma shara. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin Ikko a 2015 da 2016 ya nuna cewa ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a kowace shekara, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba ya aiki tun daga can. Wasu daga cikin matattun nan ake harhaɗawa, a ciro wannan a sa wa wancan, a goge, a manna sabuwar takarda a baya, a kawo kasuwa.

Duk da haka, gwanjo mai kyau ya fi sabuwa marar ƙarko. Na'urorin da aka ƙera domin ma'aikatan kamfanoni, irin su ThinkPad na Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook na HP, suna da ƙwarin jiki, ana kwance su da sukurdireba, kuma batirinsu da madannansu da allonsu suna samuwa wurin masu gyara saboda yawansu a ƙasa. Wannan magana ta kayan gyara ba abin rainawa ba ce. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiya ce ta kusan kilomita 100, mutumin Fakku kuwa sai ya yi wata tafiyar kafin ya hau wannan titi. Na'urar da ba a san irinta ba, idan ta lalace sai a ce a jira a aiko da kayan daga Ikko, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa a jefa ta ƙarƙashin gado.

Akwai kuma wata iri mai araha da ake kira Chromebook, wadda aka gina yawancin aikinta a kan intanet, kuma ba ta ɗaukar manhajojin Windows da aka saba da su. Mutanen Jihar Sakkwato ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar tsaro. Ko ba a rufe ba, sabis a karkara yana zuwa yana tafiya, kuɗin data kuma kullum ƙaruwa yake yi. Kwamfutar gida a irin wannan wuri, wajibi ne ta iya aikinta ko da intanet ko babu.

YADDA AKE KARANTA LAMBOBIN

Babbar hanyar da ake ruɗin mai saye ita ce sunan ƙwaƙwalwar na'urar. An saba jin cewa Core i7 ta fi i5, ita kuma ta fi i3. Haka ne idan zamaninsu ɗaya. Amma kamfanin Intel yana fitar da su ne zubi-zubi, kuma lambar da ke bin sunan ita ke nuna zubin. Wadda aka rubuta i7-3520M zubi na uku ce, ta 2012. Wadda aka rubuta i5-8250U zubi na takwas ce, ta 2017, kuma ta fi waccan sauri da tattalin batir, duk da sunanta ya fi ƙanƙanta. Mai shago zai ce i7 ce, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi shekarunta ba.

Zubi na takwas ɗin nan yana da wani muhimmanci. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake ba Windows 10 kyauta a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin shekara ɗaya ga waɗanda suka yi rajista ta musamman. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, a ƙa'ida daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa, ko takwarorinsa na kamfanin AMD. Tsohuwar na'ura ba za ta daina aiki ba, amma ƙofofinta za su kasance babu mai gadi, abin da ke da hatsari ga mai shiga asusun banki ko mai cika takardun makaranta da ita. Ofisoshin Turai da Amurka suna zubar da irin waɗannan, kuma an san inda shararsu ke ƙarewa. Wasu masu sayarwa sukan tura Windows 11 da dabara a cikin tsohuwar na'ura, don haka ganin ta a kan allo ba hujja ba ne, lambar ƙwaƙwalwar ita ce shaida.

Sai kuma abin da ake kira RAM, watau filin da na'ura ke baza aikin da take yi a lokacin. Gigabait 4 ya yi kaɗan a yau, 8 shi ne daidai ga aikin gida, kuma an fi son wadda za a iya ƙara mata nan gaba. Allo mai inci 14 ya fi sauƙin ɗauka a babur bisa ga mai inci 15 da ɗoriya. Mai rubutun Hausa ba ya bukatar na'ura ta dabam, domin Windows tana da tsarin madannai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, haka kuma tana da na Larabci, sai dai a kunna su.

RANAR CINIKI

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Aika kuɗi ga wanda aka gani a Facebook ko WhatsApp, a zauna jiran direba ya kawo kaya, hanya ce da ta sa mutane da yawa kuka. Zuwa da kai ya fi aike, in kuma mai saye bai san kan abin ba, ya tafi da wanda ya sani, wanda ba shi da kamasho a wurin mai shago.

A kunna na'urar a gaban mai saye, a cika ta, a zare caja, a sa mata bidiyo na rabin awa a ga nawa batir ya sauka. Windows ma tana da rahoton batir da duk mai gyara ya san yadda ake fito da shi, wanda ke nuna ƙarfinsa na asali da abin da ya rage. A danna kowane harafi. A gwada kowace kafa, da kyamara, da lasifika, da kamun intanet. A buɗe farin shafi a duba ko akwai tabo ko zane a allo. A buɗe murfin a rufe, a ji ko maƙallansa sun saki. A tabbata babu kalmar sirri da tsohon mai ita ko kamfaninsa ya kulle ta da ita, domin akwai kullen da ba ya buɗuwa cikin sauƙi.

Daga ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar jikin na'urar, a kuma rubuta kwanakin da aka yarda za a iya maido ta idan aibi ya fito. Wannan takarda tana da amfani biyu. Ana satar kwamfutoci a ɗakunan ɗalibai da ofisoshi, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa. Wanda aka kawo wa na'ura da rabin kuɗinta, babu caja, babu takarda, ya sani araha ce mai kai mutum ofishin 'yan sanda.

Kuskure ne kuma a zuba duk abin da ke aljihu a kan na'urar kaɗai. Ya kamata a ware wani abu don jaka, da abin kariyar wuta, da sabon batir idan na ciki ya gaji, da ɗan filashi da za a riƙa kwafe muhimman takardu a ciki.

DARASIN GALADIMA

Ba yau aka fara koyon wannan darasi a Nijeriya ba. A 2005 wani malamin jami'a a Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro a ƙasashe masu tasowa kwamfuta mai araha, wadda aka yi wa laƙabi da 'yar Dala 100. A 2007 aka gwada shirin a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja, aka raba wa yara ƙananan na'urori masu launin kore da fari. Yaran sun koya da sauri, amma matsalar wuta da gyara da tsadar intanet suka dabaibaye gwajin, kuma ba a sayi miliyan ɗayan da aka yi ta maganarsa ba. Abin da ya gagari babban shiri a gefen babban birnin ƙasa, shi ne dai yake jiran magidanci a Fakku, sai dai shi da kuɗin gumin kansa yake gwajin.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan hukuma. Idan Ƙananan Hukumomin Tambuwal da Kebbe, tare da Ma'aikatar Ilmi ta Jiha, suka tabbatar da cewa kowace makarantar sakandare tana da ɗakin kwamfuta mai aiki da hasken rana, da malamin da zai kula da shi, yaro zai saba da madannai tun kafin ranar jarrabawa, ko mahaifinsa yana da halin saye ko ba shi da shi. Idan kuma aka koya wa matasan yankin gyaran waɗannan na'urori kamar yadda suka ƙware a gyaran wayar hannu, an rage wa jama'a zirga-zirgar Sakkwato, an kuma buɗe wa samari wata sana'a.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan mai saye. Ya san aikin da yake so a yi masa, ya san irin wutar da ke gidansa, ya san inda mai gyara yake, sa'an nan ya shiga kasuwa. Na'urar da ta cika waɗannan sharuɗɗa tana iya raka yaya ta gama jami'a, ta dawo gida ƙane ya yi shirin jarrabawarsa da ita.